Kurciya da Ɗan Farin Saude

Da hantsi Kurciya ta sauka a bakin tagar wani ɗaki a hawa na goma sha biyu, ta naɗe fukafukanta na roba, ta tsaya tana leƙen ciki da idonta guda ɗaya mai launin tsanwa. Jaririyar da ta zo dominta tana barci a kan katifa, hannaye a dunƙule. Kurciya ta shiga ba ƙara ba motsi, ta haska 'yar fitila a goshin yarinyar ta auna zafin jikinta, sannan ta buɗe ƙirjinta ta fito da wani ɗan abu mai danƙo da bai kai farcen babban yatsa ba, ta manna shi a cinyarta. Kafin a karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku ya narke ya shige fata. Yarinya ko juyi ba ta yi ba. Uwarta tana kicin tana dama koko, ba ta ma san an yi baƙuwa ba. Kurciya ta fice ta nufi gida na gaba.

Ba tsuntsuwar Allah ba ce, na'ura ce, mutanen Birnin Kainuwa ne suka raɗa mata suna saboda farinta da sanyin halinta. Dubbansu ne ke kwana a wata doguwar hasumiya a tsakiyar gari da ake kira Gidan Kurciyoyi, kuma aikinsu guda ne: rigakafin yara. Babbar kwamfutar da ke tafiyar da birnin, wadda kowa ke ce wa Ƙwaƙwalwa, ita ke riƙe da ranar kowane jariri. Na ranar haihuwa a asibiti ake yi, na tarin fuka da ciwon hanta da shan inna. Daga nan sai Kurciya ta karɓi aiki. Ta zo a sati shida, ta dawo a sati goma, ta sake dawowa a sati goma sha huɗu, tana kawo na mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon huhu da gudawa da sauransu. In yaro ya cika wata tara ta kawo masa na ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata goma sha biyar kuma ta ƙara masa na ƙyanda karo na biyu. Ɗan abin da take liƙawa sunansa manne. A ƙarƙashinsa akwai allurai da suka fi ƙaiƙayin gero siranta, masu narkewa kamar sukari.

A zamanin kakanni sai uwa ta goya ɗa ta bi layi da kati a hannu, a tsikare shi ya tsala ihu, ya kwana da ɗumin jiki, ya kuma girma da tabon lamba a dantse. Yanzu duk an huta. Abin alfaharin waɗanda suka ƙera Kurciya ma shi ne uwa ba ta sanin an zo. Sau ɗaya tak Kurciya take magana da mutanen gida, wato a zuwanta na farko. Takan tambayi wace ce uwar yaro, ta ɗauki hoton fuskarta ta ɗaure da sunansa, daga ranar duk inda wannan fuska take zaune can za a riƙa kai masa manne. Tunani ne mai kyau, don ai inda uwa take nan jariri yake. Haka dai suka ce.

A ƙofar da ke kallon ta gidan jaririyar nan Saude take zaune da mijinta Tasi'u. Ita ma'aikaciya ce a lambun saman bene, inda ake noman tumatir da alayyahu a cikin bututun ruwa ba ƙasa ko cikin cokali. Shi kuwa makaniken Kurciya ne, in fiffike ya karye ko ido ya dushe wurinsa ake kawowa, kuma wallahi in ya fara yabon tsuntsayen nan sai ka rantse shi ya ƙyanƙyashe su. Saude a hannun kakarta ta tashi, tsohuwar da ta ɗura mata kunya tun tana 'yar mitsitsiya. Ta iya sarrafa injin ban ruwa da yatsa ɗaya, amma har gobe ba ta iya cin abinci a gaban surukarta.

Da Allah ya ba su ɗan fari, namiji, aka sa masa Haladu, sunan marigayi mahaifin Tasi'u. Nauyi ya zama biyu ke nan a bakin Saude. Ga kunyar ɗan fari, wadda ta hana uwa ta kira sunansa ko ta nuna nata ne a gaban manya, ga kuma sunan suruki. Sai ta riƙa ce masa "yaron nan". Iya, mahaifiyar Tasi'u, ta taso tun daga ƙauyensu Tsamiyar Dogo ta zo ta tsaya a kan wankan jego, ta ce ita ba ta yarda da ruwan da bango ke tofowa ba, sai da aka samo mata tukunya da ganyen darbejiya.

Ana gama arba'in Iya ta ɗaure kayanta. Ranar da za ta tafi dangin Tasi'u mata suka cika ɗakin don sallama, ana ta cin dubulan ana tsokanar mai jego, Haladu na kan cinyar Iya. Ana cikin haka Kurciya ta sauka a taga.

"Assalamu alaikum," in ji ta, da muryar mace mai sanyi. "Na zo yi wa Haladu Tasi'u rigakafin sati shida. Wace ce mahaifiyarsa?"

Ɗaki ya ɗauki shewa. Wata ƙanwar Tasi'u ta zungure ta da gwiwar hannu. "To, mai jego, ana tambaya fa! Yau za mu ji."

Saude ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai. Kurciya ta maimaita tambayar. Can dai, da murya ƙasa-ƙasa, Saude ta nuna Iya da haɓa.

"Ni ban san shi ba. Ga mai shi nan."

"Yauwa, 'yar albarka!" in ji Iya, baki har kunne. "Haka muka san 'ya'yan mutunci. Ke tsuntsuwar zamani, dube ni da kyau. Ni ce uwarsa, ni ce kuma matarsa. Wannan ai mijina Malam ne ya dawo mini."

Kurciya ta juya idonta wajen Saude. "Baiwar Allah, kin amince da wannan magana?"

Me za ta ce a gaban surukai? Ta gyaɗa kai. Kurciya ta haska fuskar Iya, ta liƙa wa Haladu mannensa, ta yi sallama ta fita. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki, wata na cewa ko na'ura ma yau ta ga tarbiyya.

Masu ƙira sun san ana ba da riƙo a ƙasar nan, kaka ta ɗauki jika, gwaggo ta ɗauki ɗan ɗan'uwa, don haka sun yi wa uwar riƙo gurbi a cikin Ƙwaƙwalwa. Kunya ce ba su yi wa gurbi ba. Da yamma jirgin ƙasa ya fita da Iya daga iyakar birni, Ƙwaƙwalwa ta ga fuskar uwar Haladu ta bar gari, sai ta cire sunansa daga yaran Kainuwa. Ta aika da saƙo zuwa ɗakin shan magani na Tsamiyar Dogo cewa ga yaro nan tafe, alhali na'urar karɓar saƙon can ta daɗe da zama gidan ƙadangaru. Shi kuwa yaron da aka ce ya tafi yana nan a hawa na goma sha biyu yana tsotson nono, kuma daga ranar babu Kurciyar da aka sake turowa dominsa.

Kada wani ya ɗauka Saude ba ta son ɗanta. Allah Sarki, so ne da ya yi mata yawa har ta rasa inda za ta ajiye shi. In ɗaki ya zama daga ita sai shi, takan kulle ƙofa ta ɗora shi a ƙirji, ta sumbaci tafin ƙafarsa, ta ƙirga yatsunsa kamar wani zai sace ɗaya. A lambu tana goye da shi tana yi masa hira da tumatir, tana gaya masa wanne ya nuna wanne ke da taurin kai. Amma ko ita kaɗai ce, in sunan ya zo bakinta sai ya tsaya a maƙogwaro. Da an ƙwanƙwasa ƙofa kuwa sai ta ajiye shi ta ɗaure fuska, ta ce yaron nan ya dame ta da rigima.

Da ya cika sati goma ta tuɓe shi ta dudduba cinyoyinsa a gaban taga. Ba ta ga komai ba. Da Tasi'u ya dawo aiki ta ajiye masa tuwo, ta yi kamar maganar ba ta dame ta ba.

"Wai tsuntsuwarku ta zo wa yaron nan kuwa? Ban ga alama ba."

Tasi'u ya yi dariya. "Haba Saude, in kin ga alama ai mun faɗi jarrabawa ke nan. Gwanintarta ke nan, ta zo ta tafi ba wanda ya sani. Leƙa ki gani." Ya nuna mata ta taga. Can a saman Gidan Kurciyoyi wani ƙaton allon haske yana walƙiya da koren rubutu: *Ɗari bisa ɗari. Ba a tsallake yaro ko ɗaya ba.* "Shekara nawa rubutun nan bai canza ba? Kuma a ce a gidan makanike za a fara?"

Ta ji kunyar ma tambayar da ta yi, don kada ya ce ta cika rawar kai a kan ɗan fari.

Haladu ya yi zama, ya yi rarrafe, ya fito da haƙora biyu na ƙasa yana gwada su a kan duk abin da ya samu. Maƙwabciyarsu Ladidi, uwar jaririyar nan Ihsan, ta zama ƙawar Saude, don mako guda suka haihu. Ranar wata Juma'a, yaran suna da wata tara, Saude ta shiga wurinta kitso. Suka shimfiɗa su a tabarma ɗaya suka yi barci, kan wannan a kafaɗar wancan. Saude na zaune a ƙasa, kanta a cinyar Ladidi, sai ta ga inuwa a taga. Karo na biyu ke nan a rayuwarta da ta ga Kurciya kusa da kusa. Ta sauko ta haska goshin Ihsan, ta liƙa mata manne a dantse. Sannan ta juya idon nan nata ta dubi Haladu. Ta ɗan tsaya a kansa, iskar fukafukanta na kaɗa gashinsa. Sai ta tashi ta fice.

Saude ta ɗago kai. "Ladidi, kin ga ta wuce shi?"

"Ke dai kin cika tsoro. Ai ba rana ɗaya aka haife su ba. Tasa na nan tafe, ko ma an riga an yi. Gyara kanki in kama nan."

Tasi'u ma abin da ya ce ke nan, kowane yaro da ranarsa. Ta so ta ce masa ya duba mata a wurin aiki, tunda abin bai fi ya taɓa gilashin kwamfuta da yatsa ba. Ta so ma ta goya yaron ta je Gidan Kurciyoyi da ƙafarta. Amma ta tuna sai ta tsaya a gaban abokan aikin mijinta ta faɗi sunan yaron da bakinta, ta ce nata ne. Sai ta ce bari dai ta ƙara jira. Ta riƙa barin taga a buɗe, tana shanya a kusa da ita, tana tsintar shinkafa a kusa da ita. Kurciyoyi suna ta wucewa fari fat a sararin sama, babu wadda ta ko rage gudu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani baƙo ya zo biki a hawa na uku da yaro mai mura da jan ido, ya kwana biyu ya koma. Ƙyanda ce, cutar da matasan likitocin Kainuwa a hoto kawai suka san ta. Ta bi na'urar hawa da sauka bene, ta bi matakala, ta ƙwanƙwasa kowace ƙofa ta tarar a kulle. Ƙofa ɗaya ta samu a buɗe.

Haladu ya fara da zazzaɓi da tari. Idanunsa suka yi jawur suna ruwa, ya ƙi nono, ya ƙi haske. Da ƙuraje suka feso daga bayan kunnuwansa suka gangaro fuska, numfashinsa ya koma sama-sama, Saude ba ta tsaya neman mayafin kirki ba. Ta saɓe shi a kafaɗa ta yi asibiti, Tasi'u ya biyo ta daga wurin aiki da kayan aikinsa a jiki.

Likitar yara, wata dattijuwa mai suna Dakta Hajjo, ta sa aka ɗaura masa iskar numfashi da ƙarin ruwa. Sai da ya ɗan lafa sannan ta dubi gilashin kwamfuta da ke hannunta, ta dube su.

"Yaushe kuka zo da shi daga ƙauye?"

"Wane ƙauye, likita?" in ji Tasi'u. "A nan aka haife shi. Ko tasha bai taɓa zuwa ba."

"To a nan an ce yana Tsamiyar Dogo wurin uwar riƙonsa. An yi masa na ranar haihuwa, an yi na sati shida. Daga nan shiru. Babu na sati goma, babu na sha huɗu, babu na wata tara."

"Ba zai yiwu ba!" Tasi'u ya karɓi gilashin. Ya taɓa nan ya taɓa can, sai ga fuskar Iya ta fito tana dariya, baki har kunne, a ƙarƙashinta an rubuta *uwa*. Ya juyo ya dubi matarsa. Ɗakin nan na ranar sallamar Iya ya dawo wa Saude a rai, da shewar da dubulan da mayafin da ta ja. Ta zauna a ƙasa a nan cikin ɗakin asibiti.

"Ni ce," ta ce. "Ni na ce ban san shi ba."

Tasi'u ya durƙusa kusa da ita. Ta zaci faɗa zai yi, ta ma fi son ya yi. Sai ya ce, "Sau biyu kina tambayata, Saude. Ni kuma na nuna miki allo."

Washegari Iya ta iso a jirgin farko, ko goro ba ta tsaya saye ba. Ta tarar da Saude a bakin gadon, idanu sun kumbura, hannunta cikin ɗan hannun yaron. Da Saude ta ga surukarta sai ta zabura za ta saki hannun ta matsa gefe, yadda ta saba. Iya ta dafe kafaɗarta ta mayar da ita.

"Zauna. Riƙe abinki."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon jikanta. Tasi'u ya yi mata bayanin yadda abin ya faru, a hankali, yana ta kewaye-kewaye don kada ta ji ciwo. Ta ji ciwon duk da haka. Ta share ido da bakin zane.

"Ni da na yi ta guɗa ina cewa ni ce uwarsa. Ashe da bakina na ɗauke shi daga gabansu." Ta yi ajiyar zuciya, ta nuna Tasi'u da haɓa, don shi ma ɗan farinta ne, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan da kike gani, haka na yi da shi. Da ƙafa nake zuwa asibitin gunduma goye da shi, ni da uwar mijina. In malamar asibiti ta ce ina uwar yaro, sai in ce ga ta nan, in nuna tsohuwa. Malamar sai ta yi murmushi, ta dubi gaban rigata da nono ya jiƙa, ta miƙo mini katin ta ce, to ki gaya wa uwar tasa ta dawo bayan sati huɗu. Ba ta taɓa kunyata ni ba, kuma ban taɓa fashi ba. Har rafi na taɓa tsallakawa da shi a ka, ruwa iya wuya, ranar rigakafin wata tara."

Tasi'u ya ɗago ya dubi mahaifiyarsa. Shekara talatin da wani abu yana zaton ita dai ba mai nuna damuwa da shi ba ce. Ya shafa tsohon tabon lamba da ke dantsensa ta saman riga, ya sunkuyar da kai.

Kwanaki suka yi ta tafiya, ciwon ya sauka huhu, ya hau kunnuwa, har ruwa na fita. Saude ba ta bar bakin gadon ba sai don salla. Da Allah ya sa kwanansa na gaba, wata safiya zazzaɓin ya sauka. Haladu ya buɗe ido, ya kama nono, sannan ya juya musu baya yana wasa da igiyar ƙarin ruwa. Iya ta yi hamdala, ta dubi Saude.

"Kira shi."

"Iya…"

"Na ce ki kira shi da sunansa. Ni na ɗauke miki. Malam ma da yana raye cewa zai yi ki kira. Sunan da uwa ba ta kira ba, wa zai tsaya masa?"

Saude ta matsa kusa da shi. Ta ji zuciyarta na bugawa kamar ranar da aka kai ta ɗakin miji. Ta buɗe baki, sunan ya fito a hankali, baƙo a harshenta.

"Haladu."

Bai juyo ba. Yana ta jan igiyarsa.

"Haladu," ta sake cewa, da ɗan ƙarfi. Iya ta tafa hannu a bayan kansa. Ko gezau. Sai da Saude ta zagaya ya ga fuskarta sannan ya washe haƙoransa biyu ya miƙo hannu. Ta ɗauke shi ta rungume, tana kiran sunan tana maimaitawa, duk na wata goma da ta tara, hawaye na zuba a kan gashinsa.

Dakta Hajjo ta gwada shi da na'urar sauti. Kunnen dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagu da saura, in an matso kusa an yi magana zai ji.

Tasi'u ya koma aiki da tambaya ɗaya. Ya sa Ƙwaƙwalwa ta fito masa da duk yaran da aka ce sun bar gari tare da uwar riƙo jim kaɗan bayan arba'in. Suka fito ɗaruruwa, kusan dukkansu 'ya'yan fari. Aka bi gida-gida, aka tarar da yawancinsu suna nan cikin birni a bayan iyayensu mata, ba wanda Kurciya ta sake waiwaya. Duk tsawon shekarun nan allon bai yi ƙarya da gangan ba. Yaran da yake ƙirgawa kawai yake ƙirgawa.

Manyan Gidan Kurciyoyi suka zo duba Haladu har gida, da kwandon 'ya'yan itace da fuskokin jimami. Shugabansu, mutum mai ladabi, ya ce za a gyara tambayar Kurciya, za a koya mata al'ada. Ya ce kuma hukuma ta ɗauki nauyin dasa wa yaron kunnen lantarki in ya ƙara girma, wanda ya fi na haihuwa jin nesa. Saude tana zaune da ɗanta a cinya, a gabansu, a gaban Iya, ba ta ajiye shi ba.

"Mun gode, ranka ya daɗe," ta ce. "In an dasa, muryata zai ji, ko wadda na'urar ta ce ita ce muryata?"

Mutumin ya dubi yaron, ya miƙe ya yi musu sallama.

Ba a kori Kurciyoyi ba, don sun yi wa dubban yara rana, kuma Saude da kanta ba ta so a kore su. Amma an kashe allon. An kuma buɗe wani tsohon ɗaki a ƙasan asibiti, aka share ƙura, aka jera benci, aka ce duk yaron da aka tsallake a kawo shi a cike masa abin da ya rasa, uwa na gani, ma'aikaciya na gani. Ranar da Saude ta je, ɗakin cike yake da 'yan mata masu goyon fari, da yawa da surukai ko kakanni a gefe, kowacce na sunne kai. Hayaniya kuwa kamar kasuwar kaji. Wata na tambayar wata maganin fitar haƙori, wata na ba wata aron zanen goyo, yara na ta tsala kuka don ganin fararen kaya. Iya ta gyara zama a benci ta ce rabonta da jin daɗin asibiti irin na yau tun tana amarya.

Ma'aikaciyar ta leƙo daga ƙofa. "Uwar Haladu Tasi'u?"

Benci ya yi tsit, ana jiran a ga tsohuwar da za a nuna. Saude ta miƙe tsaye.

"Ga ni. Ɗana ne."

Wata tsohuwa a baya ta ce, "Oh, zamani!" Iya ta juya ta watsa mata harara har sai da ta kama bakinta.

Aka liƙa masa manne a cinya, aka ɗiga masa na baki. Ma'aikaciyar ta ce a dawo da shi bayan sati huɗu, ranar Talata, kuma kada a manta da na ƙyanda duk da ya yi ta, don a haɗe yake da wani. Saude ta maimaita ranar da bakinta, ta sake maimaitawa, Iya ma ta maimaita. Haladu, wanda yanzu ya tsani duk mai farar riga, ya cika ɗakin da ihu, yana ture hannun kowa.

A bakin taga wata Kurciya na zaune da sauran mannen a ƙirjinta, tana jiran a ce ta miƙo. Ta bayanta ana hango hasumiyar, da baƙin allon da ba komai a kansa. Saude ta rarrashi yaron ta dama, ya ci gaba da kuka. Sai ta tuna. Ta juya shi a kafaɗarta, ta kai bakinta daidai kunnen da ya rage masa, ta kira sunansa. Ya yi shiru yana sauraro.